Tsokar Ƙarshe a Gidan Mai Tsawa

Manfuha, Riyad.

Zuwa ga aminina kuma bawana, Alhaji Tijjani Bakano,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar jikinka, da Hajiya Maman Nazifi, da yara, da duk wanda ya shigo gidan ya tarar ana karanta wannan takarda. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da ta fara yi mini gardama idan zan hau bas ɗin ma'aikata da nake tuƙawa da safe.

Na koma ga rubutu ne saboda waya ta daina yi mana amfani. Tun da ciwon nan ya shanye maka ɓarin jiki ya riƙe maka harshe, in na kira ni kaɗai nake zuba, kai kana numfashi a kunnena, har in rasa abin faɗa in koma tambayar ruwan sama. Ka san Bazazzagi ba ya rasa magana, amma kai ka sa na rasa. Shi ya sa na rubuta na saka a shafina, 'yan uwanmu na nan su gani, Hajiya kuma ta karanta maka a hankali. Wanda duk ya leƙo, bismillah, in ya gama ya sa ka a addu'a.

Hajiya ta ce mini kana rage abinci. Wai har nama, wanda a da ba ka ɗaga masa ƙafa, yanzu sai ka bar shi a kwano, an yi lallashin an yi faɗan ka ƙi. Abin ya dame ta, ni ma ya dame ni, kuma shi ne maƙasudin takardar nan. Amma ka yi haƙuri in bi ta doguwar hanya, ka san halina.

Nazifi ya iso lafiya. Ɗanka da na sani a hoton da ka liƙa a murfin akwatinka, mai kunnuwa irin naka, yau injiniya ne a wani dogon bene a unguwar Ulaya ta nan Riyad, kamfaninsu ya ba shi ɗaki a unguwar Nasim. Ya zo ya gaishe ni, ya durƙusa har ƙasa. Tarbiyya ba laifi, duk da Bakano ne ya yi ta. Ya kawo mini kilishi da yajin Hajiya. Da zai tafi ya ce abincin kwali da ake kawo masa a babur ya ishe shi, kuma Ummansa ta ce ni da kai mun san duk lungun da ake cin abincin kirki a kudancin garin nan. Ya ce, “Baba, ku turo mini lokeshan ɗinsu kawai, kada in wahalar da ku.”

Kada ya wahalar da ni! Ka ji fa.

Na ce masa ban iya danna abin ba. Rabin gaskiya na gaya masa. Wuraren nan ba mu taɓa ɗaga kai mun karanta allonsu ba, mu muka raɗa musu sunaye, to me zan rubuta a waya ta nemo? Ɗaya rabin kuma kai zan gaya wa: in na tura masa, ba shi da sauran dalilin nemana. Ni kuwa ina so ya neme ni. Tun ranar da aka tura ka a keken marasa lafiya zuwa jirgi ban sake sa hannu a tire ɗaya da wani ɗan Adam ba. An sa wani a gadonka, mutumin kirki ne, amma aikinsa ya saɓa da nawa, a bakin ƙofa muke haɗuwa. In ma ya zauna cin abinci, kunnuwansa a toshe suke da waya.

Bari in tuna maka wuraren, ko ka yi dariya da ɓarin bakin da ya rage maka.

Ka tuna Tanderun Gemu, bayan ƙaramin masallacin nan mai koren ƙyaure? Har yanzu mutumin Afganistan ɗin yana nan, gemun ya ƙara fari, hannun bai rage sauri ba. Duk wanda zai je ya je ana sallame Asuba, lokacin da tamis ke fitowa daga ramin yana huci. Kai ka ce tamis gurasa ce da ta samu wuri ta miƙe ƙafa, wai ko a nan ma Kano ake kwaikwayo. Kusa da shi Basudanen nan mai ful yana nan da tukunyarsa mai dogon wuya, yana dama wake da ƙasan kwalba. A ce masa ya rage mai, ya ƙara barkono, kuma a fara yagar tamis daga gefe inda ya ƙone kaɗan. Na zagaya garin nan da bas lungu-lungu, ban ga karin kumallon da ya kai wannan ba.

Illarsa ɗaya, ba a yi tamis don mutum ɗaya ba. Faɗinsa ya kai faifai. Yanzu in na saya, kaɗan nake iya ci, sauran ya bushe a gaban motata. Tantabarun wurin ajiye bas sun san ni sosai.

Sai Kofi Biyu, ɗan shagon shayin mutumin Indiya da ke kwanar masu sayar da katifa. Sunan ma daga hannunsa ya fito, don da ya hango mu daga nesa sai ya ɗaga yatsu biyu ya juya ga tukunya. Bayan La'asar ake zuwa. Shayinsa na madara ne da citta, ya daɗe a wuta har ya yi kauri, ba irin ruwan zafin da ake tsoma ganye a ciki a miƙo maka ba. Naka ba sukari, haka likita ya ce, haka kuma nake faɗa da ƙarfi kullum. Kai kuma ka kanne masa ido ɗaya, ya juya mini baya ya zuba maka rabin cokali. Kuna tsammanin ban gani ba. Ina gani, ƙyale ku nake yi.

Bayan tafiyarka ya daɗe yana ɗaga yatsu biyu in ya hango ni, sai ya tuna, ya sauke ɗaya yana ba ni haƙuri. Ina jin haushin abin. Rannan na zo ya miƙo mini kofi ɗaya kai tsaye, bai ɗaga komai ba, bai ba da haƙuri ba. Wallahi Tijjani, wannan ta fi yi mini ciwo. Na tsaya a bakin titi na shanye da zafinsa na tafi.

Akwai kuma wanda ba ka so, gidan gahawar nan na Ulaya da nake jiran ma'aikata a ciki kafin su tashi. Sau ɗaya na ja ka can, ka zauna a kan doguwar kujera ƙafafunka na lilo, ka dubi matasa kowa ya duƙa a kan kwamfutarsa, ka ce shayin da ba a hira a kansa ai magani ne, a shanye a tashi. Na yarda da kai a lokacin. Yanzu kam na canza ra'ayi, kada ka yi mini tsiya. Gahawarsu ta Larabawa ce mai ƙamshi, da dabino mai laushi a gefe, ga sanyin esi irin wanda kake gyarawa kana zagin wanda ya haɗa shi. Kujerun duk gilashi suke kallo, mutum ɗaya-ɗaya. A can ba wanda zai lura kai kaɗai ne, don kowa shi kaɗai ne. Wannan Nazifi ba ya bukatar in nuna masa, irinsu sun cika unguwar aikinsa.

Hajiyar Bayan Ƙofa ma tana gaishe ka. Har yau ban ga fuskarta ba, hannu kawai da murya. Ka tuna ta ce mana a nan aka haife ta, kakanninta a ƙafa suka zo aikin Hajji ba su koma ba, ita ko hanyar Najeriya ba ta sani ba? Amma miyar kukarta sai ka rantse a Fagge aka kaɗa ta. Ranar Alhamis take tuwo. Mutum ya tafi da kularsa, ya ƙwanƙwasa ya yi sallama da Hausa, ya ja baya. Kada ya kuskura ya yabi miyar wata a ƙofarta, kai ka taɓa yi ka ga abin da ya biyo baya, sai da muka yi makonni ana zuba mana ruwan miya ba nama. Hausarta ta mutanen da ce, gauraye da Larabci. Ranar da na fara zuwa da ƙaramar kula ta juya ta a hannu ta ce, “Ina na biyun?” Na gaya mata. Sai ta cika kular har murfin ya ƙi rufuwa.

To, ga mu mun iso Gidan Mai Tsawa. Ka san nan na nufa tun farko.

Don masu karantawa da ba su san shi ba: gidan mandi ne, shinkafa da naman da ake gasawa a rufaffen rami har ya rabu da ƙashi da kansa. Mai gidan, Ammu Salihu, ɗan Yaman ne, gajere, kuma bai iya magana a hankali ba. Gaisuwarsa tsawa, godiyarsa tsawa. A ƙasa ake zama, kan darduma, an raba wurin da 'yan gajerun katangu, a shimfiɗa leda a dire tire a tsakiya. Da ka sa ƙafa a ƙofar zai jefo maka tambayarsa, “Mahalli walla safari?” Wato a nan za ka ci ko a ƙunshe maka ka tafi? Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake zuwa, a nemi na rago in aljihu ya yarda, in bai yarda ba kaza ma ba ta da laifi. A roƙi ƙarin jan yajin tumatir ɗin nan nasu. Zai yi tsawa, amma zai kawo.

Ka tuna zuwanmu na farko? Ban fi wata biyu a ƙasar ba, ban san kowa ba, Larabcina bai wuce na Sallah ba. Ka ji ina waya da Hausa a harabar masallaci, ka tsaya a bayana har na gama, ka ce daga jin wannan iyayin ɗan Zariya ne. Ka ja ni zuwa gidan mandi kamar ka san ni tun yarinta. Muka ci muka ci, sai tsoka ɗaya ta rage a tsakiyar tire. Ni baƙo, kara ta hana ni ɗauka. Kai mai gayya, kara ta hana ka. Ka sa bayan yatsunka ka turo ta gabana ka ce, “Ci, malamin Zazzau, ko ka ƙara basira.” Na mayar maka na ce, “Ci, ɗan kasuwa, kada ka koma gida ka ce an cuce ka.” Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har muka miƙe muka wanke hannu muka bar ta.

Daga ranar abin ya zama doka. Shekarun nan duka da muka yi, iƙamar zaman ƙasar ta ƙare a sabunta, kafilin da ya tsaya mana ya canza, a rushe gida mu koma wani, 'ya'yanmu su yi aure muna kallo ta waya, amma duk Juma'a tsoka ɗaya sai ta rage a tiren nan. Ba wanda ya yarda ya zama shi ne ya ci ta ƙarshe.

Ammu Salihu ya yi duk dabarar da ya sani. Ya ce haramun ne, almubazzaranci ne, muka ce to ya gaya wa ɗayan. Ya koma yanka naman daidai wa daida don kowa ya samu rabonsa, kai kuma sai ka ɓare ɗaya gida biyu, lissafin ya sake lalacewa. Ya ƙunshe mana ita a takarda, muka tsaya a ƙofa muna gardamar wanda zai riƙe. Ƙarshe ya haƙura. In ya zo ɗaukar tire sai ya jefa ta a bakinsa, yana tauna yana zagin Najeriya gaba ɗayanta. Ka ce da ma abin da yake so ke nan, mu muka yi masa ƙiba.

Juma'ar farko bayan tafiyarka na je. Na yi wanka na sa farar rigata kamar kullum, ƙafata ce ta kai ni. Ya jefo tambayarsa bai ɗago kai ba. Na leƙa kusurwarmu, wadda ke ƙarƙashin fanka, na ga wasu mutum biyu a zaune suna ci suna dariya. Sai na ji bakina ya ce, “Safari.” Ya ɗago ya dube ni, ya dubi bayana. Bai yi tsawa ba. Ya ƙunshe ya miƙo mini.

Tun daga nan safari nake cewa. In kawo ɗaki in zauna a bakin gado, in buɗe, in ci ina kallon bango. Mandin nan dai shi ne, hannun da ya dafa bai canza ba, amma sai in ji kamar aiki nake yi. Kuma in na tashi nannaɗe takardar, sai in tarar na bar tsoka ɗaya a gefe. Ba da niyya ba. Hannu ne ya saba.

Ka ga dalilin da ya sa na riƙe wa ɗanka lokeshan. Na ce masa wuraren nan da ƙafa ake kai mutum, ya zo ranar Juma'a mu fara da na mandi. Ya ce in sha Allahu. Juma'ar ta zo, aiki ya riƙe shi. Ta gaba abokansa suka ja shi wani wuri. Ta gaba kuma barci ya kwashe shi, ya kira yana ta ba da haƙuri. Ban ga laifinsa ba, yaro ne, kuma daga Nasim zuwa nan tafiya ce. Amma duk Alhamis sai na goge farar rigar nan na rataye. Wanda ke gadonka har ya tambaye ni ko aure zan ƙara.

Ranar da ya zo ban ma sa rai ba. Ina fitowa daga masallaci na gan shi tsaye wajen takalma, yana waige-waige, ya sa shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ban nuna masa murnata ba, ai ka san ba ma yi. Na dai ce ya makara, alhali bai makara ba.

Muka shiga. Ammu Salihu na kan tukunya ya jefo tambayar. Na ce, “Mahalli.” Ya ɗago. Ya dubi Nazifi daga hula har takalmi, ya tsaya a kan kunnuwan. Sai ya daka wata tsawa da ta sa duk gidan ya waigo, wai ɗan Tijjani ne, wallahi ɗan Tijjani ne! Ya tashi wasu bayin Allah daga kusurwarmu da tirensu a hannu, suna ta mita, ya shimfiɗa mana sabuwar leda.

Ɗanka ya nemi cokali. Kada ka ji kunya, an ba shi, bayan an yi masa tsawa. Ya ɗauki hoton tiren kafin mu yi bismillah. Hira ba ta yi yawa ba, in na tambaya ya amsa kansa a ƙasa, in na yi shiru ya yi shiru. Na gwada tsokanarsa irin wadda nake yi maka, sai ya yi murmushi kawai ya ce, “Haka ne, Baba.” Ka ji, wai haka ne! Da kai ne da ka rama har da riba. Duk da haka akwai hannu a ɗaya gefen tiren, shinkafar tana raguwa ta ɓangare biyu. Na ci fiye da yadda na ci a duk watannin nan.

Sai tsoka ɗaya ta rage.

Ban yi tunani ba. Na sa bayan yatsuna na tura ta gabansa. Sai na ga ya ajiye cokalin, ya ƙura wa hannuna ido. Na ce lafiya? Ya ce, “Baba, haka yake yi.” Na ce wa? Ya ce kai. Ya ce tun da aka dawo da kai gida, duk abincin da aka ba ka sai ka rage tsoka ɗaya, ka sa bayan yatsun hannunka mai lafiya ka tura ta can gefen kwano, wajen da ba kowa, ka zauna kana kallonta. In an mayar maka ka sake turawa. Ya ce sun canza mai girki, sun koma naman kaza, sun gwada kifi, har likita sun gaya wa. Kowa ya ɗauka ciwon ne ya ɗauke maka son nama.

Tijjani, na ji abin har cikin ƙirjina. Na juya fuskata wajen fanka na ce yajin nan ya yi yawa yau. Ina nan ina ganin ni kaɗai aka bari da tire, ashe kai ma kana can da naka.

Na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa. Da na gama ya ce shi kam ba zai iya cin tsokar nan ba, ya turo mini ita da hannu biyu. Daga can Ammu Salihu ya hango, ya ɗora hannu a ka ya ce an dawo ke nan. Sai na tuna ina da ikon da ban taɓa samu a kanka ba. Na ce, “Ɗauki ka ci, ni ubanka ne.” Ka san ɗa ba ya mayar wa uba loma. Ya ɗauka ya ci, kansa a sunkuye.

Tiren ya koma fes, karo na farko. Ammu Salihu ya zo ya ɗaga shi, ya tsaya yana dubawa kamar ya yar da wani abu a ciki, ya wuce da shi. Na ci gardamar da na yi shekaru ina nema, Bakano, amma ba da kai na yi ta ba, ba ta yi mini daɗi ba.

Da muka fito na daina wayon da nake yi masa. Na zagaya da shi duk wuraren da ƙafa, ya tsaya a ƙofar kowanne ya danna wayarsa, ya rubuta sunayen da muka raɗa musu: Tanderun Gemu, Kofi Biyu, Hajiyar Bayan Ƙofa. Mai shayi da ya hango mu ya ɗaga yatsu biyu, ya riƙe su a sama yana dariya. Yanzu ɗanka ya san hanya, ba ya bukatata kafin ya ƙoshi. Haka ya kamata. Ba kyau a riƙe mutum da yunwa don a samu abokin hira.

Ya ce zai riƙa zuwa. Juma'ar da ta wuce bai samu dama ba, ya kira tun da safe ya faɗa. Wataƙila ya zo ta gaba, wataƙila sai bayan wata. Ba zan matsa masa ba, kuma Hajiya, don Allah kada ki yi masa faɗa a kan wannan. Ni dai na je ni kaɗai, na ce mahalli. Na zauna a ƙarƙashin fanka da rabin tire. Ba daɗi, ba zan ɓoye maka ba, amma ya fi bakin gado. Da na zo kan tsokar ƙarshe na daɗe ina kallonta. Ban ci ba. Na ce sai mun yi magana da kai tukuna.

Hajiya, ki gafarce ni in sa baki a nan, tun da ke ce mai karantawa. Ba girkinki ba ne, ba kuma ciwon ba ne. Mijinki lafiyar cikinsa ƙalau, taurin kai ne irin na Kanawa. Tsokar nan tawa ce yake ajiye mini.

Kai kuma ka saurara da kyau. Na gani. Saƙonka ya iso, na karɓa, na gode. Ban san kana turowa ba, da tuni na amsa. Amma jikinka na bukatar naman nan, kuma ba na son in ji an ce ka rame saboda wani Bazazzagi da ke Manfuha. Ga abin da za mu yi. Juma'ar nan, in Allah Ya kai mu, zan je Gidan Mai Tsawa, ko da Nazifi ko ba shi, in zauna a kusurwarmu, in ci har tsokar ƙarshe. Agogonmu ya riga naku, kafin a sauko daga masallaci a Kano na riga na wanke hannu. Ka ga ni na fara ci ke nan. Na sauka, ka yi nasara, ka gaya wa duk Kanawa su yi ta dariya. In Hajiya ta kawo maka naka, ba sauran wanda kake jira.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya saki harshenka ko don ka rama tsokanar da na tara maka. Allah Ya saka wa Hajiya da alheri bisa ɗawainiyar da take yi. Allah Ya yi wa Nazifi albarka, Ya haɗa shi da abokin cin tire irin wanda Ya haɗa ni da shi a harabar masallaci. Duk wanda ke cin abinci shi kaɗai a garin nan, Allah Ya kawo masa mai cewa bismillah. In da rabon mu sake zama a gaban kwano ɗaya, Allah Ya nuna mana. In babu, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ga ta nan na turo maka, Tijjani. Ka cinye.

Naka har kullum,
ubangidanka,
Lawal Bazazzagi.